Likkafanin Inna Rahamatu na Uku

Inna Rahamatu ce ke wankan gawar mata a Mawashi tun tana da ƙuruciyarta, amma sai da furfura ta cika mata kai sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Littafin da ta fara karantawa da kanta har ƙarshe labarin wani ladani ne da ya haƙa wa kansa kabari, kullum yana shiga ya yi ƙailula don ya saba. Ran da ya mutu, sai aka tarar an riga an rufe wani a ciki.

Ta yi dariya har da hawaye. Da ta ba matan aji labarin, Malama Salma mai koyar da su ta ɓata rai, ta ce wannan wasa da mutuwa ne, bai dace da mai imani ba.

Inna Rahamatu ba ta iya haɗiye magana. Ta ce, "Malama, ni za a gaya ma mutuwa? Likkafanin da ke cikin akwatina shi ne na uku da na tanadar ma kaina. Na farko maƙwabciyata ta tafi da shi, na biyu wata baƙuwa da ta zo suna daga Kankia. Allah bai tambayar wa ya gama shiri. Abin da littafin ke faɗi ke nan."

Dariya ta ɓarke a aji. Da aka tashi, Malama ta biyo ta bakin ƙofa tana neman aron littafin.

Inna Rahamatu ta miƙa mata, ta ce, "Ki maido mani abina. Wannan ba likkafani ba ne."