Matashin da Auta Ba Ta Rufe Bakinsa Ba

Kowace safiya, kafin ta taɓa keken ɗinki, Auta takan rungume butar shayi da tafukan hannunta, ta zauna shiru har yatsunta su yarda su lanƙwashe. Ba shayin take jira ba, ɗumin take so. Sauran masu ɗinki sun ɗauka lalaci ne ya samu sabon salo, ita kuwa ba ta gyara musu ba.

Shagon na yayarta ne, a saman bene. Labule ake ɗinkawa da zanen gado da matasan kai. Yaya ce ta reni Auta tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta koya mata zura zare, ita ta aurar da ita. Kekunansu na kallon juna a bakin taga shekara da shekaru. Cusa auduga aikin Auta ne, don hannunta ya san inda wuya yake son tudu da inda kunne yake son kwari. Masu saye sukan dawo su ce rabonsu da barci irin wannan tun suna yara. Sai ta ce madalla, ta sunkuyar da kai.

Ita dai ba ta san ranar da ciwon ya shigo ba. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi tsakanin haƙarƙari. Wata rana ko ɗaurin zane jin sa take kamar igiya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne wayewar gari. Takan kwanta da gajiya, ta tashi da wadda ta fi ta, jiki kamar an kwana ana kirɓa shi da taɓarya.

Da ta faɗa wa maigidanta, direban babbar mota, mutumin kirki daidai gwargwado, dariya ya yi.

"Ke da ba ki barci? Ni ne shaida! Har ɗan minshari kike ja, sai ka ce tsohuwar motata a kan tudu."

Idonta a rufe yake, wannan gaskiya ne. Amma tana iya gaya masa lokacin da famfo ya fara ɗiga, da sadda maƙwabci ya ja ƙofa, da duk juyin da shi kansa ya yi. Barcin nata a bakin ƙofa yake tsayawa, ba ya shiga ciki. Wanda yake kwance a gefenta ba shi da hanyar ganin haka, kuma bai nema ba.

A asibiti an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙashi, komai ya fito fes. Yaya ta tafa hannu ta ce, "To alhamdulillahi, lafiyarki ƙalau, sai a tashi." Daga ranar ta laƙaba mata Kasa, sunan macijiyar nan da ba ta da aiki sai barci. Sunan ya bi shagon, har masu kawo yadi suka ɗauka.

Akwai ɗan ɗakin ajiya a bayan shagon, inda ake jibge soso da buhunan auduga. Bayan abincin rana Auta takan shiga ta miƙe a kan soso na ɗan lokaci, ta fito idonta ya ɗan washe. Da wannan take kai yamma a kan keke. Yaya tana tsaki, amma ba ta hana ba.

Daga baya aka dace da wata likita mai haƙurin sauraro. Yaya ta ce ita ma za ta je, don a yi ta ta ƙare a gabanta. Likitar ta danna nan, ta danna can, ta yi tambayoyi masu yawa, sannan ta faɗi sunan ciwon, faibromayaljiya.

"Sunan ma ya fi ciwon tsawo," in ji Yaya.

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci Yaya.

"Ciwon gaske ne, ko da yake gwajin jini ba ya nuna shi. Masu shi sukan rufe ido, amma barcin ba ya yin nisa, jiki ba ya samun hutun da yake gyara shi. Rashin barcin ya ƙara ciwo, ciwon ya hana barci, haka suke ta zagaye. Tana bukatar a rage mata aiki mai nauyi. Ta riƙa ɗan tattaki a hankali, gwargwadon ƙarfinta. In jiki ya matsa mata da rana ta kishingiɗa, sai dai kada ya yi tsawo, don kada ya cinye na dare."

Auta ta yi kuka a ɗakin nan, kukan wanda aka daɗe ana ƙaryatawa. Ta ɗauka magana ta ƙare.

Washegari ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗakin ajiya.

"Da kunnena na ji," Yaya ta ce, tana yanka yadi ba ta ɗago ba. "Likita ta ce barcin rana ke kashe ki, ta ce ki motsa jiki. Ga bene nan, ga dilolin yadi a ƙasa. Magani kyauta."

Maganar likita doguwa ce, amma guntaye biyu ne suka iso shagon. Sauran sun zube a hanya, kuma ba wanda ya koma ya tsinto su. Maigidan ma da ya ji, cewa ya yi ai Yaya ba za ta cuce ta ba.

Auta ta hau benen, ta sauka, ta sake hawa. Dare ya ƙara lalacewa, safiya ta ƙara nauyi. Butar shayi takan huce yatsun ba su saki ba. Ɗinkinta da ba a taɓa warwarewa ba ya fara karkacewa. Ta fara manta awon da aka gaya mata yanzu-yanzu. Yaya ta ga duk wannan, ta ce sauran tsohon lalaci ne yake fita.

Ranar da abin ya fashe, wata mai saye ce ta zo karɓar matasan kai. Auta na kan na ƙarshe, ta cusa auduga, saura ta rufe bakin, sai allura ta ƙi tsayawa a hannunta. Ta ɗauka, ta suɓuce. Ta sake ɗauka.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," Yaya ta ce wa matar tana murmushi. "Kasar tamu ce ba ta gama farkawa ba."

Aka yi 'yar dariya. Auta ta ajiye allurar.

"Yaya, ba ni makullin."

"Wane makulli?"

"Kin sani. In miƙe kaɗan, in fito in gama wa matar nan aikinta."

"A gaban baƙuwa za ki nuna mini hali?"

"A gaban baƙuwa kika kira ni macijiya." Auta ba ta ɗaga murya ba. "Ke kika goya ni. Ina ƙarama in na ce cikina na ciwo, ba ki taɓa cewa in kawo shaida ba. Yaushe na zama maƙaryaciya a wurinki? Faɗa mini ranar, don in sani."

Kekuna suka tsaya. Yaya ta kai hannu bakin zanenta, inda makullin yake a ƙulle, ta riƙe shi. An ga yatsunta sun taɓa ƙullin. Sai ta dubi baƙuwar, ta dubi masu ɗinkinta, ta sake shi.

"Ni da na yi ta fama da ku, wa ya taɓa ba ni soso na kwanta? Mai ciwo ana ganinsa a fuska."

Auta ta miƙe. Ta naɗe tsumman da take sawa a bayanta, ta ɗauki butar shayinta. Saukar benen ta ɗauke ta lokaci, tana dafa bango, kuma duk shagon ana jin takunta. Ba wanda ya bi ta.

Tana gidanta yanzu. Da safe takan yi ɗan tattakin da aka ce, zuwa bakin titi ta dawo, ta kishingiɗa kaɗan da rana. Ciwon bai tafi ba, wasu ranakun dai da sauƙi. Yaya takan aiko a gaishe ta, a tambayi yaushe za ta dawo. Auta takan ce a tambayo mata ko an cire kwaɗon. Har yau amsar ba ta zo ba.

Matar nan ta karɓi sauran matasanta ta tafi. Na ƙarshen yana nan a kan keken bakin taga, bakinsa a buɗe, auduga na leƙowa, allura a soke a gefe da zarenta. Wata daga cikin masu ɗinki ta taɓa ɗauka za ta rufe shi. Yaya ta daka mata tsawa ta ce a ajiye, mai shi za ta zo ta gama.