Ranar da Na Wanke Baba a Gaban Mai Unguwa

Ko na tsufa na rikice, ba na jin zan manta da abin da ya faru a zauren gidanmu a Daura, shekarar da nake ajin ƙarshe a jami'a ina karanta ilimin taurari.

Babanmu ya fi shekara talatin yana duban jinjirin wata, kuma duk unguwa shaidarsa ake kaiwa gaba. A wannan shekarar ya hau soro bayan magariba, ya sauko ya ce ya ga watan Sha'aban. Babu wanda ya gani sai shi. Mai unguwa ya ce, "Malam, ido ya fara gajiya. Na azumi ka huta, za mu nemi wani." Tuwon ranar Baba ko taɓa shi bai yi ba. Wallahi raina ya ɓaci.

Ashe rabon a wanke shi ne ya sa na zo hutu da na'urar hangen nesa ta makaranta. A yammacin nan na kafa ta a soron, na bar ta tana ɗaukar hoton yamma da kanta. Matsalar, hotuna ɗaruruwa ne, na kwanaki da yawa, sunayensu duk lambobi. Sai dai kowane fayil yana da bayani a samansa: rana, lokaci, da inda na'urar ta fuskanta. Washegari da hantsi na rubuta 'yan layukan umarni a kwamfuta, ta karanto bayanan nan duka, ta ware mini na ranar. Na ƙara wa ɗaya haske, sai ga jinjirin watan, siriri kamar yankan farce!

Da la'asar na kai kwamfutar zaure, inda Baba da mai unguwa suke zaune. Wani malamin makaranta da ke gefen mai unguwa ya leƙa ya ce, "'Yar nan, ai nan an rubuta ƙarfe shida da minti biyar. Lokacin rana na sama. Wa za ki yi wa wayo?"

Na ƙura wa lambobin ido. Can na tuna na'urar da agogon duniya take rubutu, wanda namu ya riga shi da awa ɗaya. Na buɗe masa hoton faɗuwar rana na ranar, shi ma an rubuta shida saura kwata. Na ce, "Malam, yaushe aka taɓa kiran magariba shida saura kwata a watan nan?" Ya lissafa da yatsa, ya gyaɗa kai.

Mai unguwa ya cire hula ya mayar, ya dubi Baba. "Malam, ka yafe mini. Na azumi ma kai ne."

A gabansu na ƙara layi ɗaya a bayanin fayil ɗin, wurin da ake sa sunan wanda ya gani, na rubuta sunan Baba. Ya ce in karanta masa. Na karanta, ya ce in maimaita.

Tun daga ranar ba na ajiye hoto ba tare da na cika bayaninsa ba, domin na ga yadda layi ɗaya ya tsare mutuncin dattijo.