Tabon da Aka Ɗora wa Zhor

Tun tana budurwa Zhor take dirzar mata a gidan wanka na unguwarsu a Sala, wani gari a ƙasar Maroko. Baƙin sabulu, safar dirza da bokitin ruwan zafi, iyakar duniyarta ke nan. Babu amarya ko mai jego a unguwar da ba ta bi ta hannunta ba. Mata kan tsokane ta, "Haba Zhor, ki rage mana 'yar fatar da za mu koma gida da ita mana!"

Sai ta ce, "Wace fata? Ai duk dauɗa ce. Juyo bayanki."

Wata Alhamis Lalla Batul, matar mai sayar da gwal, ta kawo 'yarta Gita, 'yar shekara biyar. Zhor ta wanke ta da tafin hannu kawai. Washegari jini ya kwanta a bayan yarinyar da cinyoyinta, baƙi-baƙi. Batul ta dawo kamar ta ci babu, ta yaye rigar Gita a gaban mata.

"Ku ga aikin azzaluma! Ke, jima aka ce ki yi mata?"

"Wallahi Lalla, ko safa ban sa mata ba."

"Rufe min baki!"

Mai gidan wankan ba ta son ɓata wa masu hannu da shuni, ranar ta sallami Zhor. Magana ta zaga gari, duk inda ta je neman aiki sai a kalli hannunta a ce an cika. Ƙarshe ta koma wankan gawa. Takan ce su dai waɗannan ba sa kai ƙara.

Tabon kuwa bai daina fitowa a jikin Gita ba, ga zazzaɓi, ga haɓo. Aka ƙetare kogi da ita zuwa asibiti a Rabat, likitoci suka zuƙi ɓargonta suka ce sankarar jini ce. A cikin ƙwayoyin jininta wasu zaruruwan halitta biyu ne suka karye suka yi musayar guntaye, irin mai wuyar magani. Babu hannun kowa a ciki. Kaf unguwa an ji, mata suka yi ta jigilar kuskus zuwa gidan Batul. Amma a samu mutum ɗaya ya buga ƙofar Zhor ya ce an zalunce ki? Ina! Wannan kalmar kaɗai take jira, rashinta kuma ya fi korar ci mata rai.

Bayan shekara biyu Gita ta rasu. Zhor ce kaɗai mai wankan gawar mata a unguwar, dole aka aiko mata. Ta tafi tana kukan yarinyar, tana kuma cewa a ranta yau dai za a wanke ta daga zargi.

Batul na tsaye a bakin ɗaki, idanu sun kumbura. Ta zuba ido har Zhor ta naɗe hannun riga, sannan ta buɗe baki.

"Ke, wannan karon ki bi ta a hankali."