Sunan Gwaggo a Jerin Manazarta

A shekarar da damina ta yaudare mu sau biyu ina malamin gona a Matameye, kuma ban taɓa shakkar cewa na san aikina ba. Hatsin jama'a ya ƙone tun bai wuce gwiwa ba. Maza suka ɗaure ƴan komatsansu suka nufi Kano da Katsina tun lokacin ci-rani bai yi ba, waɗanda suka rage kuma suka shiga layin dawar taimako, soji na tsaye suna kiran suna. A duk ƙauyukan da nake zagayawa da babur, gona ɗaya na ga an yi girbin kirki a cikinta, can bayan Kurni, kuma ta Gwaggo ce, yayar mahaifina.

Wani gajeren hatsi take shukawa mai ƙaramar zangarniya, wanda maza suka raina don ba ya cika rumbu. Amfaninsa ɗaya, yana nuna da wuri, kafin ruwa ya ɗauke. Kowace kaka sai ta bi gonar ta tsinci zangarniyoyin da suka riga saura nuna, ta sussuke su dabam, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da yumɓu. Damina uku na yi ina bin gonar nan da littafina, ina rubuta ranar shuka, ranar fitar kai, ranar girbi. Ita kuwa dariya take yi mini, wai an kai ni lakkol, makarantar boko, don in dawo in riƙa ƙirga abin da ita take gani da ido.

Sai ga sanarwa ta iso biro, wato ofishinmu, cewa wata mujallar masu binciken noma tana neman rubutu a kan fari. Ban yi shawara da kowa ba, na ce zan aika. Kuma na ƙudura abu ɗaya a raina: sunan Gwaggo zai shiga takardar nan. Na gaji da karanta rahotannin baƙi da suke zuwa su zauna a tabarmarmu, su sha furarmu, su kwashi sanin tsofaffinmu, sannan su koma su rubuta «manoman yankin sun ce». Wane manomi? Ba shi da uwa da uba ne?

Tare da sanarwar akwai shafi biyu na ƙa'idoji, kuma nan na gane rubuta bincike dabam, shirya shi dabam. Dole a buga da mashin, a bar layi ɗaya fanko tsakanin kowane layi biyu, a bar fili a gefen hagu da dama inda masu dubawa za su yi rubutu. Kwafi uku ake so. Taƙaitawa a farko, kada ta wuce layi goma. Kowane jadawali a takardarsa dabam, da lamba da take a sama. Sunan marubuci a shafi ɗaya kawai wanda za a cire, don masu dubawa su yanke hukunci ba su san ɗan wa suke yi wa ba. A ƙarshe kuma jerin manazarta, wato duk waɗanda ka ɗauko magana daga wurinsu, bisa tsarin haruffa.

Mai buga mana takardu a biro wani dattijo ne da ya yi shekara da shekaru a kan mashin ɗin, har haruffan sun goge amma yatsunsa sun san wurinsu. Malam muke ce masa, shi kuma yana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakkol da Faransanci, don na taɓa koyarwa. Ya karanta shafina na farko ya ɗago kai.

«Mushe, wannan wasiƙa ce ko bincike?»

Ashe na cika rabin shafi da gaisuwa. Na gaida shugaban mujalla, na tambayi lafiyar iyalinsa, na yi wa hukuma addu'a, sannan na shiga maganar hatsi. Na ce masa mutum ba ya faɗa wa manya magana ba sallama. Ya ce waɗannan manyan ba su san sallama ba, layi goma suka ba ni, in na ƙarar da su a gaisuwa hatsin ya kwana waje. Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa, na soke.

Mako biyu muka yi a kai. Takardar karbon ta yi wuya a garin, muka riƙa juya guda biyu kacal har kwafi na uku ya zama sai an kai shi hasken taga ake karantawa. Kuskure ɗaya a jadawali, a sake shafin gaba ɗaya, don Malam ba ya yarda da gogewa. A zamanin nan kuma ma'aikaci ba ya aika rubutu waje sai wani na sama mai kaki ya sa ido a kai. Wanda ya duba nawa ya ja layi a kan inda na ce yunwa ta sa mutane sun cinye irin shukarsu. Na fito ina huci, na sake rubuta wurin da cewa iri ya yi ƙaranci a rumbuna. Duk mai hankali zai gane inda irin ya tafi, sai dai hakan ya ja mana sake buga shafi huɗu, don layuka sun gurgusa.

Da muka zo jerin manazarta Malam ya ce nan wurin littattafai ne, ba wurin tsofaffi ba. Na riga na shirya masa. Na ɗora yatsa a kan layin ƙarshe na ƙa'idojin, inda aka ce ana karɓar bayanin baki in an kawo cikakken sunan mai maganar, da garinsa, da lokacin da aka yi hirar. Ya karanta sau biyu, ya gyara zama, ya ɗora yatsu a kan mashin.

«To madalla. Da wane harafi sunanta ya fara, in san inda zan sa ta?»

Wallahi ban sani ba. Matar da ta goya ni, wadda na ci tuwonta fiye da na uwata, wadda na yi rantsuwa zan kai sunanta gaban malaman duniya, ban san sunanta ba. Gwaggo muke ce mata. Mutanen gari kuma suna kiranta da wani laƙabi da aka sa mata tun tana cikin zanen goyo, don sunan kakarta ta wajen uba ta ci, kuma babu mai iya furta sunan nan a gidan. Mahaifina, ƙaninta, ya rasu ban taɓa jin ya faɗe shi ba. Malam ya yi ta dariya har da share hawaye, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Saura kwana uku motar da ke kai saƙo Damagaram ta tashi. Malam ya ce a sa laƙabin a huta, wa zai sani? Na ce ni zan sani. Ba zan yi wa turawa gorin sun ɓoye sunan mutane ba sannan ni ma in ɓoye.

Tambayarta kai tsaye ba ta taso ba, yaro ba ya tsare babba ya ce mene ne sunanki. Sai na tuna da ƙawarta ta ƙuruciya, wata Hajiya mai sayar da daddawa. Ranar kasuwa na same ta a rumfarta, na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji.

«Kai ɗan nan, in daddawa kake so ka ɗauka, in magana ce ka faɗa, kana tare mini masu saye.»

Na faɗa mata. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce: «Aure za ka yi mata?» Da na yi bayani sai ta jawo kunnena kusa da bakinta ta raɗa mini, kamar yadda liman yake raɗa wa jariri. Na rubuta a tafin hannuna, na hau babur ban tsaya ko'ina ba sai biro. Harafinta ya kai ta sama da wasu manyan masana biyu na ƙasar waje, Malam ya buga ta a nan, da sunan mahaifinta da garinta.

Bayan watanni takardar ta dawo da jan alƙalami a gefuna: a raba jadawali na biyu, a rage bayanin ƙasa, a gyara tsarin ambaton littafi ɗaya. Na duba jerin manazarta kafin komai, ba wanda ya taɓa layinta. Muka gyara muka mayar. Mujallar ta iso bayan an yi shukar wata daminar, na sa ta cikin riga na tafi Kurni.

Na tarar da Gwaggo tana tankaɗe a tsakar gida. Na fassara mata take da taƙaitawa, tana ji tana gyaɗa kai, har ta ce na yi kuskuren faɗin yawan tokar. Sai na buɗe shafin ƙarshe na kama yatsanta mai gari na ɗora a kan layin.

«Nan ke ce, Gwaggo.»

«Me aka rubuta?»

«Sunanki.»

«Wanne? Karanta in ji.»

Ni da na tsaya gaban mai kaki, na tsaya ina kallon ƙasa kamar an kama ni da satar gyaɗa. Ta ce ba ta san an kai ni lakkol don in kasa karatu ba. Sai na karanta, a hankali, sunanta na yanka da na mahaifinta.

Ta ajiye rariyar. Yatsanta yana nan a kan takardar.

«Sau biyu aka taɓa faɗinsa a gaban mutane,» ta ce, «ranar sunana da ranar ɗaurin aurena. Na zaci sai ranar da za a yi mini salla za a sake.» Ta goge garin da ya ɓata shafin da bakin zanenta. «Maimaita.»