Tabaran Mudu da Ƙofar Ungozoma

A layinmu babu mai kiransa da sunan yanka. Mudu ake ce masa, saboda karin maganar da ba ta barin bakinsa: ido ba mudu ba, amma ya san kima. Shi kuwa cewa yake nasa idon shi ne mudun da kansa. Mai fentin mota ne. Ya fi shekara talatin yana feshi a wata rumfar kwano a bayan gareji, har gashin hancinsa ya ɗanɗana duk launin da Allah Ya halitta.

Feshi kowa na iya yi. Haɗa launi ne ya ɗaga shi. In aka kawo mota an buge mata ƙofa, sai ya ƙura mata ido kamar mai zaɓen suruki, ya shiga ciki, ɗigon wannan gwangwani, ɗigon wancan, ya juya da tsinke. Sannan ya shafa a guntun ƙarfe, ya fito tsakar rana ya kara shi a jikin motar. Wannan fitowar ita ce dokar aikinsa. "Inuwa maƙaryaciya ce," in ji shi, "rana ce alƙali."

To, tsufa ba ya sallama. Mudu ya fara miƙa gwangwani nesa kafin ya ga lamba, har tsawon hannun ya gaza. Bai yarda ba, sai ranar da matarsa ta nuna masa hoto a waya, ya ce jaririn ya ɗebo hancinta sak. Hoton kyanwa ne. Washegari ta tasa ƙeyarsa zuwa shagon tabarau.

Ya ci ado, ya kankare faratansa har suka yi zafi. Mai shagon, wata mata mai fara'a, ta gwada idon, sannan ta jero masa samfura a faranti.

"Baba, wannan kwalba ce. Tana da nauyi, in ta faɗi ta fashe, amma ba ta saurin karcewa. Wannan roba ce, ba nauyi, sai dai a yi mata shafin hana karcewa. Akwai shafin da ke kashe ƙyalli. Wannan kuma fari ne a ɗaki, da ka fita rana sai ya yi duhu da kansa. Wane aiki kake yi?"

Nan fa Mudu ya dubi daɓen tayil na shagon yana sheƙi, ya dubi babbar rigarsa, ya ji kalmar fenti ta maƙale masa a wuya.

"Harkar motoci," ya ce, yana gyara zama.

"Ashe kullum kana hanya. Mai duhun nan zai huta maka da ido."

Ya zaɓi roba, mai juyewa ruwan ƙasa. Da aka haɗa ya dawo layi yana taku ɗai-ɗai, yana amsa gaisuwa da kai kawai. Matarsa ta leƙo ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Mai gidan ba ya nan, ya tafi fenti."

Aikin farko da ya tarar motar wata ungozoma ce, shuɗiya, an goge mata ƙofar baya. Ya haɗa, ya fito rana, tabarau ya yi abin da aka saye shi dominsa. Ya kara ƙarfen, ya ga sun zama uwa ɗaya uba ɗaya. Ya fesa.

Ungozoma ta zo ɗauka, ta zagaya motar, ta tsaya.

"Baba Mudu, ƙofar wa ka aro mini?"

"Taki ce, 'yata."

"Tawa shuɗiya ce. Wannan kamar ta kwana biyu ba lafiya."

Ya fito ya duba, bai ga wani aibu ba. Ya kira bakaniken gareji ya yi shaida, bakanike ya rufe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Mudu ya kankare, ya sake haɗawa, ya sake fitowa gaban alƙalinsa, ya sake fesawa. Ta biyun ta fi ta farko muni. Ungozoma ta ce ta ba shi mako guda, in bai yiwu ba ta kai inda ake haɗawa da na'ura.

Wannan kalmar ta na'ura ita ta kwantar da shi. Kowa na ganin abin da shi ba ya gani, har da tabarau a fuska. Ya zauna a tsakar gida ya ce wa matarsa, "Uwar yara, mudun ya huje. Gara in sayar da injin feshin tun ana tunawa da ni da alheri."

Bai kai ga sayarwa ba. Da ya koma rumfa tattara kaya, ya ga ɗigon fenti a tabaran. Hannu ya riga tunani, ya jawo tsumman aiki mai jiƙe da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya murza. Shafin ya saɓule kamar saɓar maciji, robar tabaran ta yi hazo.

Ya koma shago, wannan karon da kayan aiki a jikinsa. Mai shagon ta karɓi tabaran, ta sansana.

"Baba, da me ka goge?"

"Tsumma."

"Tsumman me?"

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, harkar motocin nan, fesa su nake yi." Ya kwashe labarin ƙofa ya faɗa mata.

Ta yi dariya har ta dafa kanta. "Haba Baba! Mai haɗa launi a rana, ka sa ruwan ƙasa a ido? Ai shi ke danne shuɗi. Idonka bai mutu ba, labule ka saya masa."

"Da kuɗina kuma," in ji Mudu. "An tambayi tsoho sana'arsa, ya amsa da rigarsa."

Ta haɗa masa farar kwalba, ba duhu ba kwalliya, ta ce in zai kankare ƙarfe ya ɗora abin kare ido a kai. Kauri kamar gindin kofi. Matarsa na ganinsa ta ce mujiya ta shigo gida da rana tsaka. Ya wuce rumfa, ya fito da ƙarfensa rana, ya dubi ƙofar da ya fesa sau biyu, ya ce, "Wane jakin ne ya yi wannan?"

Ranar da wa'adi ya cika, ungozoma ta zagaya motar sau uku, ta rasa wace ƙofa ce aka taɓa.

Injin feshi na nan yana damun layi da ƙara. Mudu kuwa yanzu ko aski ya je, kafin ya zauna sai ya ce, "Fenti nake yi, ɗana. Na faɗa tun ba ka tambaya ba."