Baba Zarami Mai Ƙugiya

Duk wanda ya saba bi ta bakin kogin Haɗeja da sassafe ya san Baba Zarami. Daga masallaci ba ya komawa gida, wurin ƙugiyarsa yake nufa, wato dogon injin nan mai ɗaga ƙarafan gada. Ya hura mata wuta, ya shafa giris, sannan ya bi igiyar ƙarfen da tsumma a hannu yana lalube ko wani sili ya tsinke. Iya Mairam, mai ɗakinsa, takan ce da ita yake lallashi haka da tuni ta yi ƙiba. Bana ya ajiye aiki, gwiwa ta ƙi hawa tsani, shi ya sa na ce bari in faɗa wa jama'a wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

Tun zamanin da ake shimfiɗa layin dogo ta Malam Madori ya fara. Leburorin da ake kawo masa manoma ne da masunta, wasu ma ba da son ransu suka zo ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin ƙarfe yana yawo a sama. Sai ya samo dabara. Kafin kowane babban ɗauka yakan zauna da karan dawa da zare, ya ƙera ƙaramar ƙugiya mai juyawa sak irin babbar, ya jera gyaɗa a ƙasa ya ce ga Kolo, ga Inuwa, ga wane. Ya ɗaga guntun kara a matsayin ƙarfe, ya juya, ya sake shi a kan gyaɗar da ta tsaya inda bai dace ba. A yi ta dariya ana tsokanar mai gyaɗar, amma kowa ya gane wurinsa. Heluma, shugaban leburori, kan ce ƙaton banza yana wasan yara. Ko a jikinsa.

Masunta ne ciwon kansa. Masunci in igiya ta ja, naɗe ta yake a hannu ya turje, haka ya tashi yana yi da koma da kwalekwale. Baba ya yi faɗa, ya yi roƙo, ya ɗaure gyaɗa da zare ya fizge ta sama a gabansu. Su ce sun ji. Hannu kuwa bai ji ba.

Ranar da abin ya faru ana ɗora wani gungumen ƙarfe ne a kan ginshiƙan gada. Wani masunci mai suna Gana yana riƙe da igiyar da ake daidaita kayan da ita daga ƙasa. Iska ta taso, ƙarfen ya juya, Gana ya naɗe igiya a wuyan hannu kamar yadda ya saba. Kafin a ankara ga shi a sama yana lilo, a ƙarƙashinsa kuma turakun ƙarfe ne a tsattsaye. In aka sauke shi a nan, iska za ta buga shi a kansu. In aka bar shi, hannun zai cire.

Waɗanda suke wurin sun ce Bature mai kula da aiki yana ta ihu a tsayar da inji, don an kafa iyakar da wuyan ƙugiya ba ya wucewa ta ɓangaren ruwa, ƙasar wurin laka ce. Baba, kai ka fi kowa sanin iyakar nan, kai ka buga turkenta. Amma ka juya a hankali ka wuce ta, har Gana ya koma saman zurfi, ka leƙo ka ce, "Gana, ga ruwanka nan, in igiya ta saki ka nutse."

Ka sassauta, ya faɗa ruwa, ya warware hannu, ya yi ƙasa kamar tarwaɗa. Lokacin ƙugiya ta fara karkata. Ka jira sai da ka ga kansa ya ɓullo can nesa, sannan ka saki ƙarfen cikin kogi. An sha wuya kafin a tono shi daga laka, aikin gada ya koma bayan damina.

Wannan ne ya hana ka zama heluma har ka tsufa. Waɗanda ka koya wa aiki sun wuce ka, kana gaishe su. Na taɓa tambayarka ko abin yana yi maka ciwo, ka ce yana yi mana, kai ma mutum ne, amma ƙarfe an ciro shi, Gana fa da ya mutu wa zai ciro shi? Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai idona ya kawo ruwa.

Ku masu riƙe da inji yanzu, ku je ku zauna da tsohon nan, ku koyi duban mutumin da ke ƙasa kafin kayan da ke sama.

Kai kuma Baba, Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka gwiwar nan. Godiyata ba ta ɗan kallo ba ce. Gana mahaifina ne, kuma ranar da ka juya ƙugiyar nan ko aure bai yi ba.