Taken Garma a Kusada

Sale Makaɗi ya ci mani mutunci, shi ya kai ni Kusada. Ya ɗauki taken mahaifina, Iro Garma, kiɗan da kalangu ke kiran shi da shi tun zamanin da yake dambe, ya buga ma wani yaro ɗan Kunduru da ake ce ma Janareto. Bai tsaya nan ba, ya ce da za a haɗa su, yaron zai kashe Garma a turmin farko. A waya aka kunna mana, Baba na zaune kan tabarma. Idonshi ya tafi, amma kunne na nan. Sai ga tsoho na lalubar bango zai miƙe, yana tambaya, "Da wa aka haɗa ni?"

Da na ji Sale da yaron za su fito dambe a Kusada, mun tashi da asuba daga garinmu Sukuntuni, ni da wani abokina mahauci. A Kankiya muka karya da koko da ƙosai, ƙosan kamar maɓallin riga. Ɗan acaɓa ya yanka mana kuɗin da a da za ka je Katsina ka dawo da tsaraba, wai mai ya yi tsada. Hanya kau kaka ta yi kyau, gyaɗa a shanye, dawa a ɗaure, mata masu tallar nono na bin gefen titi. Wannan hanyar na bi da ƙafa ina yaro, riƙe da jakar zaren da Baba ke naɗe hannu da shi. A lokacin, duk garin da muka shiga sai an fito da fura.

Tun kan mashin musu ya kaure. Ɗan acaɓa ya ce yaran yanzu na ɗaga ƙarfe, suna cin ƙwai, ana auna su a sikeli. Abokina ya ce, "Garma buhun gero yake ɗagawa, kuma ba a taɓa auna mashi abokin karo ba. Wanda ya fito, shi ne." Na ce su bar zancen ƙwai. Dokar dai ɗaya ce jiya da yau: hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, an kashe ka. Gwiwar Garma ba ta san ƙasar fage ba sai ranar da ya aje damben da kanshi.

A Kusada mun iske fili an kewaye shi da kwano, sai ka biya ka shiga. Da can bayan kasuwa ake yi, jama'a su ne katangar. Yanzu kowa ya ɗaga waya sama, ba mai kallo da idonshi. Na ga Janareto. Ba zan yi ƙarya ba, yaron na da hannu, ga sauri, ya kwantar da wani ƙato kafin in gama gyara tsayuwa. Zai kashe Garma? Allah kaɗai ya sani, kuma abin da tafiyar ta koya mani ke nan: damben da ba za a yi ba, mai baki ke cin shi. Amma da kalangu ya ɗauko taken nan, na ce ba ni barin Kusada sai na ga Sale.

Kafin mu kamo hanyar gida na tare Sale bakin ƙofa. Ya washe baki, "A'a, ɗan Garma! Ai girmamawa ce."

Na ce, "Sale, ubanka ya yi ma ubana taken nan ranar da Garma ya bar haƙora biyu a fage. Mai shi na nan da rai, yana jin kiɗanka. In yaronka na son shi, kawo shi Sukuntuni ya sa gwiwa ƙasa gaban Garma ya roƙa. Ka ga an yi damben da kake faɗi, kowa kuma ya ga wanda aka kashe."